Kawu Bulus Ya Tafi Sayar da Ƙwan Agwagwa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tun da aka binne Kawu Bulus damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban iya rubuta ko layi ɗaya ba. In na zauna sai zuciyata ta ce, to in mutane suka yi wa mamaci dariya fa, alhakin a kan wa? Sai kuma ta juya ta ce, in ba su yi ba ai ka cuce shi, domin Kawu mutum ne wanda in ka ba da labarinsa ba a yi dariya ba, to ƙarya ka yi. Ga shi karatuna bai wuce firamare ba. Ni tela ne a Rikoto, cikin garin Zuru, almakashi na sani. Na tambayi Fasto ko zunubi ne, ya ce ba zunubi ba ne. Na koma na sake tambayarsa don in tabbatar, ya ce, "Danjuma, don Allah je ka rubuta, ka bar ni in ci abinci."

Abin da ya sa na daure a ƙarshe shi ne akwai saƙo a wuyana. Kawu ya ba ni shi kafin ya cika, in kai wa wani mutumin Caina mai suna Afai, kuma har yau ban san inda Afai yake ba. Saƙon nan ya hana ni sakat. Amma ku bari in fara da Kawun kansa, don ku da kuka san shi ku shaide ni, waɗanda ba su san shi ba kuma su gane irin mutumin da ya ɗora mini wannan kaya.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Duk Rikoto an san bai taɓa cewa wani ya mutu ba, ko "rasu" ba ya cewa. In ka hango shi ya shigo layi da sandarsa ya cire hula, to ka shirya. Sai ya tsaya tsakiyar hanya ya ce, "Jama'a, wane ya tafi sayar da ƙwan agwagwa mai gishiri." Sannan ya maimaita da yaren da ya samo ta, yana jan murya kamar mai kiran awaki: "Mai ham ap dan!"

Ga inda ya samo ta. Bayan ya bar soja, kamar yawancin iyayenmu maza na garin nan, ya sami aikin gadi a wata masaƙa a Kaduna ta mutanen Hong Kong. Daga bakin ƙofa aka mayar da shi kicin ɗin gidajen manya, yana taya kukunsu aiki. Kukun nan shi ne Afai. Afai ba ya jin Hausa, Turancinsa kuma, in ji Kawu, bai fi na akuya ba. Dole Kawu ya koyi nasu yaren, wanda ya ce sunansa Kanton. Na taɓa tambayarsa me ya sa duk abin da ya iya na mutuwa ne.

Ya ce, "Kai Zulumi, wane irin kai ne da kai?" Haka yake kirana, Zulumi, tun ina ƙarami. "Kicin fa muke! Kaza muka kama, mutuwa. Kifi muka kama, mutuwa. Agwagwa, mutuwa. Da wace magana kake so mu fara, ta aure?"

Kuma kowa da tasa, ba ya haɗa su. Ban san ko haka ake rubuta su ba, yadda kunnena ya ji na sa, mai sani ya yafe mini. Dattijon kirki wanda ya ga jikoki, sai ya ce "hong jo", wai ya yi ƙamshi. Mashayin burkutu ko mai satar awaki, "lai cai", ya ja itace. Wanda ya daɗe yana jinya har kowa ya gaji, "deng goi", an buga wa murfi ƙusa. Ƙwan agwagwa kuwa namu ne talakawa. In yaro ne ya rasu, ba ya cewa komai. Zai je gidan ya zauna a ƙasa, ba a kan benci ba, har rana ta faɗi.

Wata Lahadi a majami'a, lokacin sanarwa, Kawu ya miƙe ba wanda ya kira shi. Wani tsohon abokinsa na soja ne ya rasu a ƙauye. Ni ina bayansa, da na ga ya gyara riga sai na miƙa hannu. Na ja masa gefen riga, ya buge hannuna.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, Saje Audu ya tafi sayar da ƙwan agwagwa jiya da yamma."

Mata suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Fasto ya ce, "Baba Bulus, nan ɗakin Allah ne. Faɗe ta yadda ya kamata. Ɗan'uwanmu ya yi barci cikin Ubangiji."

Kawu ya juya ya dube shi sama da ƙasa. "Barci? Fasto, ka san Audu kuwa? Mutumin da ko a bakin aiki bai taɓa gyangyaɗi ba, yau za ka tsaya gaban jama'a ka ce ya kwanta barci? Ni dai nawa na ba shi sana'a. Kai kuwa ka mai da shi rago."

Wallahi har mai kiɗan ganga sai da ya fita waje ya yi dariyarsa ya dawo. Ni kuwa ranar ban ci tuwo ba, ina ta tunanin ko za a dakatar da mu daga cin jibin Ubangiji a majami'a gaba ɗaya gidan.

Ba baki kawai ya kawo daga Kaduna ba, har da al'ada. Ya ce a wurin su Afai, in an gama jana'iza ana ba kowa alewa a bakin ƙofa, don ya wanke ɗacin ranar kafin ya isa gida. Kuma abu biyu ba a faɗi a gidan makoki: ba a cewa "sai mun sake haɗuwa", ba a cewa "na gode". To Kawu ya naɗa kansa mai tsaron ƙofar kowane gidan makoki a Rikoto, na Kirista da na Musulmi. Sai dai kun san Kawu da tsimi. Alewa guda sai ya ɗora ta a kan dutse ya raba biyu da wuƙar soja, ya naɗe kowane ɓari a takarda. Ya ce ɗacin talaka bai kai na alewa guda ba.

Ranar da mahaifiyar Malam Sani, maƙwabcin Kawu kuma abokin gardamarsa, ta rasu, manyan mutane sun zo gaisuwa. Cikinsu akwai wani Manjo mai ritaya, da mota da direba. Ya gama ta'aziyya, ya fito yana gyara babbar riga, ya ɗaga wa jama'a hannu ya ce, "To, sai mun sake haɗuwa."

Kawu ya gitta masa sanda. "Ranka ya daɗe, a ina?"

"Me?"

"A ina za mu sake haɗuwar? Nan gidan? To wa ka zaɓa? Ga Malam Sani, ga matarsa, ga ƙaninsa mai tari. Nuna mana shi mu fara haƙa tun da sanyi."

Manjo ya ja da baya. Ya ce, "Subhanallahi, ba haka nake nufi ba, Baba." Kawu ya miƙa masa ɓarin alewa. Bawan Allah ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode."

"Kash! Ya ƙara! Godiya kake da aka yi rasuwa, a ƙaro maka?"

Manjo ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba kalmar da ta rage masa a duniya. Sai ya haɗa ƙafa ya sara wa Kawu, ya juya ya shiga mota. Malam Sani, da idanunsa jajur don kuka, ya kifa kai a gwiwa yana dariya har hawayen suka gauraya. Daga baya ya ce mini a duk kwanakin makokin nan, lokacin ne kaɗai ya ji numfashinsa ya sauka. Ni kam na bi Manjo har gida washegari na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haƙurin me? Tun da na bar aiki ba wanda ya tsayar da ni ƙam irin jiya."

Ƙwan kuma ba a baki ya tsaya ba, yana yin sa da gaske. Yana da agwagi a bayan gida, waɗanda Inna Rahila, matarsa, ta ce sun fi ta daraja a gidan. Zai bi gida-gida yana roƙon toka, ya kwaɓa ta da laka da gishiri, ya shafe kowane ƙwai, ya jera su a tulu ya rufe har wata ya zagayo. Ya ce daga nan maganar ta fito, wai a da can ƙasarsu Afai in za a rufe mutum akan zuba masa toka da farar ƙasa a akwati, kamar yadda ake yi wa ƙwan. Ko gaskiya ne, Allah ya sani. Ranar da ya fara ba ni, na ga ƙwanduwar ta yi ja tana maiƙo, na ce, "Kawu, wannan bai lalace ba kuwa?"

"Ci."

"In ya yi mini illa fa?"

"In ya yi maka illa ka riga ka san kayan da za ka je sayarwa. Ci!"

Na ci da kunu. Na kwana ina sauraron cikina, ban ji komai ba. Abin kunya, da safe na koma na nemi ƙari.

Akwatin gawarsa ma shi ya sa aka yi tun yana da ƙarfinsa, ya ce haka tsofaffin Kanton suke yi, mutum ya ga ɗakinsa kafin ya tare. Ya ajiye shi a ɗakin baya yana zuba dawa a ciki, wai kada katako ya zauna banza. Inna ta rantse ba za ta tuƙa tuwo da dawar akwati ba. Ya ce, "To zauna da yunwa, sai ki riga ni shiga." Ƙusoshi kuwa ya ƙi sayen sababbi. Tsofaffi ya tsinto daga wani rufi da iska ta ɗaye, ya miƙar da su da dutse, ya zuba a gwangwanin madara. Ya ce, "Ƙusar da za ta shiga ƙasa ta yi tsatsa, don me za ta zama sabuwa?" Ku da kuka zo jana'izarsa kun ga abin da ya faru. Kafinta ya buga ta farko ta lanƙwashe. Ta biyu ta lanƙwashe. Ta uku ta yi tsalle ta faɗa cikin kabari. Inna Rahila ta share hawaye ta ce, "Ku bar shi, gardama yake yi." Sai da aka aika kasuwa aka sayo sababbi.

Amma na yi gaba da yawa. Kafin wannan akwai tafiyarmu Dirin Daji, wadda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Labari ya zo cewa wasu 'yan Caina sun zo duba wani aiki ta wajen. Kawu ya sa rigarsa ta Kirsimeti, ya ƙulla ƙwai a ƙyalle, ya zo shagona ya ce in tayar da babur. Na ce, "Kawu, ka san halin da hanya take ciki." Ya ce, "Na yi yaƙi kafin a haife ka. Tuƙa." Na tuƙa, ina duba kowane kurmi, ina karanta duk addu'ar da na iya, shi kuwa yana bayana yana gwada gaisuwa da ƙarfi.

Muka same su ƙarƙashin wata bishiya da tafintansu. Kawu ya sauka, ya rusuna, ya zuba musu yare. Ya yi ta zubawa. Wani saurayi a cikinsu mai tabarau ya yi ta kallonsa yana murmushi, sannan ya yi wa tafinta magana. Tafinta ya ce, "Baba, ya ce shi daga arewacin ƙasarsu yake, wannan yaren na kudu ne, ba ya jin sa."

Kawu ya juyo gare ni. "Ka ji? Ashe su ma suna da Dakarkari da Katsinawa." Ya sake gwadawa a hankali, "Afai. Kuku. Kaduna." Saurayin ya girgiza kai. Na ga kafaɗun Kawu sun sauka, abin da ban taɓa gani ba. Sai ya kwance ƙyallen ya miƙa ƙwai ɗaya, da tokarsa da komai.

Saurayin nan ya yi wata ƙara, ya kira 'yan'uwansa. Ya goge tokar da hannun rigarsa, ya fasa, ya ga jar ƙwanduwa, ya sa a baki. Ya cire tabarau ya goge. Tafinta ya ce wai irin na kakarsa ne.

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango duwatsun Zuru. Sannan Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kunnensa bai san ni ba, amma cikinsa ya san ni. Rage gudu, Zulumi, ban shirya buɗe rumfa yau ba."

Rumfar nan ita ce maganar. Ni ban gane ta ba sai da ya kwanta ciwon ajali. Wata rana da la'asar na je duba shi, yana kwance a tabarma a inuwar mangwaro, ya rame har sandarsa ta fi hannunsa kauri. Ya sa Inna ta je ɗebo ruwa, ya kama wuyan hannuna.

Ya ce ranar da Afai zai koma ƙasarsu, sun yi alkawari a bayan kicin. Duk wanda ya riga tafiya kasuwar ƙwai zai kama wa ɗan'uwansa rumfa kusa da tasa, kuma zai sa a aika masa ya sani, don kada ya je yana yawon nema.

"Tun da ba a aiko mini ba, yana nan da rai. Afai ba ya saɓa magana. Sai ka gaya masa Bulus ya riga shi. Ka ce na kama masa ta gefen inuwa, don na san shi da rakin zafi."

Na ce, "Kawu, ina zan gan shi? Ko sunan ubansa ba ka sani ba."

"Shi ya sa na zaɓe ka. Duk 'ya'yana za su ce to, su manta. Kai kuwa ba za ka iya barci ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai sake hannuna ba sai da na ce na ɗauka. Bayan 'yan kwanaki ya cika.

Kuma gaskiyarsa ne, ya san wanda ya zaɓa. Na rufe shago na tafi Kaduna. Na tarar da masaƙar a rufe, ciyawa ta fi ni tsawo, awaki na kiwo inda Kawu ya ce kicin yake. Wani tsoho mai sayar da rake a bakin ƙofa ya ce mutanen sun daɗe da watsewa, wasu Legas, wasu gida. Ya tuna akwai wani kuku gajere mai yawan faɗa, amma bai san sunansa ba. An duba mini a waya, aka ce masu suna Fai a Hong Kong sun fi ƙarfin ƙirga, kuma "A" ɗin ma ba suna ba ne, kira ne kawai na sabo. Fasto ya ce na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ya gani, in sauke. Malam Sani ya ce amana amana ce, ko ta ƙwan agwagwa ce. Inna Rahila ta ce in rabu da su, tsofaffi biyu ne da wasan banza. Amma da na tashi tafiya sai ta ce, "In ka same shi ka ce ina gaishe shi. Shi ya koya wa Bulus wanke kwano."

Ina tsakar ɗinki sai in ga na tsaya, ƙafata a kan keke, ina lissafi. In Afai yana da rai, ya tsufa ƙwarai, kowace safiya da ta waye ban kai saƙon ba tana iya zama ta ƙarshe. In kuma ya riga Kawu tafiya fa? Wannan ce ta fi damuna. Domin Afai ba ya saɓa magana, Kawu ya faɗa. Ke nan shi ma ya kama hannun wani ɗan ƙanwarsa ya ce, je ka gaya wa Bulus. Kuma wannan bawan Allah yana can yanzu a wani gari da ban san sunansa ba, yana tambayar mutane ina ne Zuru, suna girgiza masa kai.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Bulus hutawa. Ya tsaya a ƙofar kowa ranar baƙin ciki, kada ka bar shi tsaye a taka. In ya dame ka da gardama ka yi haƙuri da shi, mu ma mun yi, kuma yanzu muna neman mai yi mana ita ba mu samu ba. Ka ta'azantar da Inna Rahila. Amin.

Roƙona gare ku masu karatu shi ne wannan. Garinmu ba ya rasa waɗanda suka yi aikin masaƙa a Kaduna, gadi ko saƙa ko tuƙi. In akwai wanda ya san wani kuku ɗan Hong Kong da ake kira Afai, gajere, mai faɗa, wanda yake aiki da wani dogon tsohon soja ɗan Zuru, don Allah ya zo Rikoto ya tambayi shagon Danjuma tela. Ko cikakken sunansa ne, ko sunan unguwarsu, ko wanda ya san wanda ya san shi, ina so. In kuma wani ya taɓa cin karo da baƙo, a Kaduna ko Legas ko ko'ina, yana neman wani Bulus mai agwagi, to ku kawo mini shi ko da tsakar rana ne ina kan aiki. Ni da shi muna da abin da za mu sauke wa juna.